Wa Ta Taɓa Yin Ƙarambau?

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da keken ɗinkinki, tunda shi ma ɗan gida ne. Ya jikin Inna? In kin leƙa ta ki ce Autarta na gaishe ta, ko da za ta tambaye ki wace Auta.

Na so in kira ki a waya, sai na tuna yadda muka yi wancan karon. Ina ihu kina cewa "me?", har maƙwabtana suka gama jin labarin ke ba ki ji ba. Wannan maganar kuwa ba ta ihu ba ce, shi ya sa na ba direban da ke kawo miki yadi wannan takarda.

Yaya, ina da ciki. Ya kusa wata uku. Zauna tukuna, kada ki tashi ki shelanta wa unguwa. Bayan shekarun nan da muka yi muna jira, da wancan da ya zube, ni kaina ban gama yarda ba. Daga ni sai maigidan muka sani, sai ke yanzu. Shi tun da ya ji yake sanɗa a cikin gida, ko ƙofa ba ya bari ta yi ƙara, sai ki ce shi ke ɗauke da shi.

Ba na amai. Nawa laulayin barci ne, wani irin barci mai ido biyu. Ina tsaye ina saita ƙarin ruwa sai in tsaya kallon ɗigon, in ga ya taru, ya yi nauyi, ya ƙi faɗuwa, kamar shi ma tunani yake. Da hantsi rana tana shigowa ta tagogin barandar sashen yara na asibitinmu ta kwanta a ƙasa, ina takawa ina jin ɗuminta har gwiwa. Bayan ginin akwai igiyoyin masu wanki. In iska ta taso zannuwan gado su kumbura su sace, su sake kumbura, ni kuma in manta abin da ya fito da ni. Sai Doguwa, abokiyar aikina, ta zungure ni ta ce, "Malama, a dawo duniya, ana kiran ki."

To ga abin da ya sa na rubuto. Kin san har yanzu aikin wucin gadi nake yi, kuma takardata ta kusa ƙarewa. An ce wannan karon duk wadda aka sabunta wa za ta zama ta dindindin. Kin tuna Mai Dariya, wadda muka fara aiki tare? Bara cikinta ya fito kafin lokacin sabuntawa. Ba wanda ya ce mata kanzil, har barka aka yi mata a ofis. Da lokaci ya yi sai aka ce an rage ma'aikata. Shi ya sa na ja bakina na tsuke.

Sai ga ƙarambau ya shigo mana. An kwantar da yaran da ya yi wa tsanani a ɗakin ƙarshe, can ƙuryar baranda, aka ja ƙofa. Tsarinmu a nan shi ne wadda ta taɓa yin ciwon tana ƙarama ita ke shiga wurinsu. Babbar Sista, shugabar sashenmu, ta tara mu ta ce, "Wa ta taɓa yi? Ta ɗaga hannu. Wadda ba ta yi ba za a yi mata allurar rigakafi." Ni na ce sai na tambaya a gida.

Kin ga inda na maƙale. Allurar nan ba a yi wa mai ciki, in na ƙi ta dole in faɗi dalili. Ciwon kuma in ya kama mai cikin da ba ta taɓa yi ba, yana iya taɓa huhunta, yana iya taɓa ɗan da ke ciki. Amma in na taɓa yi, shi ke nan, ba allura ba tambaya, in shiga in yi aikina lafiya lau.

Inna ba za a dogara da ita ba yanzu, bara da bana sun cakuɗe mata. Ke kika goye ni, ke za ki sani. Na yi ƙarambau ko ban yi ba? Ki ba direban amsa kafin ya juyo.

A gaida kowa da kowa. Allah ya bar mana ke.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta 'yar gidana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, keke ma yana amsawa, sai dai bel ɗinsa da ke neman tsufa kamar mai shi.

Takardarki ta same ni ina tsakiyar yanka, saura kaɗan in raba wa mutane hannun riga gida biyu. Alhamdu lillahi! Allah ya raba lafiya, ya sa mai albarka ne. Na yi kuka, na share da yadin mutane, ba za su sani ba. Ban gaya wa kowa ba, amma babbar 'yata ta tambaye ni me ya sa nake wa almakashi murmushi.

Ki ce wa Angonki ƙarar ƙofa ba ta zubar da ciki, ya yi tafiyarsa irin ta mutane. In yana neman abin yi, ya karɓi wanki.

Batun ƙarambau kuwa, ki kwantar da hankalinki, kin yi. Kin yi har kin fi kowa. Ina 'yar makarantar firamare ya shigo gidanmu. Ni na kwaso shi a aji, na raba wa yayyenki maza biyu, sai ke. Inna ta tattara mu duka a ɗakinta ta sauke labulen nan kore, ya zamana hasken ɗakin duk kore ne, har fuskokinmu. Baba ya kawo farin maganin nan na shafawa a kwalba. Inna ta zauna a bakin gado da auduga tana bin mu ɗaya bayan ɗaya tana ɗigawa, muka koma kamar zabi. Maganin sanyi gare shi, in ya bushe sai ya ja fata. Har yau in na shiga kemis na ji warinsa sai in ga koren labulen nan.

Ke ce ƙaramarmu a ɗakin, kuma ba kya yarda da kowa sai ni. Ina fama da nawa zazzaɓin ina goye da ke, ina kai kawo tsakanin gado da ƙofa, kumatunki a wuyana da zafi kamar an ɗora dutsen guga. Kika dinga susa har Inna ta zura miki safar Baba a hannu biyu. Kika cire da haƙori, don tun a lokacin kanki ba ya jin magana, kika sosa wani ƙurji a saman girarki ta hagu har ya yi jini. Je ki duba madubi, tabon yana nan.

Saboda haka ki ɗaga hannunki, ki rufe bakinki. A sa miki hannu a takarda tukuna, sannan ki shiga ofis ɗin da cikinki a gaba ki ce musu ina kwana. Ai ba sata kika yi ba.

Ga yunifom biyu na ɗinka miki da ragowar farin yadinki da ke wurina. Na sake su a ciki, na sa tattara daga ƙasan ƙirji, za su ɓoye ki na ɗan lokaci. In an tambaya ki ce yayarki ce ta tsufa, ba ta gane awo.

Ki ci abinci. Ki rage kallon shanya, ba a biyan ki don shi.

Yara na gaida Anti. Allah ya tsare.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da godiyar riguna. Sun zauna daidai, har Doguwa ta ce in tambaye ki nawa kike ɗinka irinsu, sannan ta kalle ni ta yi wata 'yar dariya ta wuce.

Na duba madubi kamar yadda kika ce. Shekara da shekaru ina ganin tabon nan ban taɓa tsayawa na kalle shi da idon nas ba. Ga shi zagayayye, ya ɗan lotsa, gefensa a goge. Na nuna wa Doguwa ta kama haɓata ta juya ni wajen haske ta ce, "Ƙarambau ne wannan, ko a littafi haka yake." Washegari na je na ɗaga hannuna a gaban Babbar Sista. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta ce, "Kin tabbata?" Na ce yayata da ta goye ni ce ta faɗa, ga kuma shaida a goshina. Ta ce to.

Yanzu a ɗakin ƙarshe nake wuni. Yaya, ban san zan so ɗakin nan haka ba. Hayaniyar asibiti ba ta isowa. Ba ƙarar gadon turawa, ba masu ziyara, sai fanka da numfashin yara da uwayensu da ke gyangyaɗi a kujera. Tagar tana kallon wata bishiya, ganyenta na tace rana kafin ta shigo. In na rufe ƙofa a bayana sai in ji kamar na bar takardar ofis da masu ofis a wata duniya.

Aikina shi ne awon zafi, ba da magani, yanke ƙumba, sai shafa farin maganin. Akwai wata yarinya mai surutu da na sa wa Mai Tambaya. Jiya ina ɗiga mata a baya ta ce, "Anti, in kin gama za ki haɗa su da layi mu ga hoton me zai fito?" Na ce mata wataƙila doki. Ta ce ita kifi take so. Akwai kuma wata 'yar ƙarama da ba ta kai shekara uku ba, uwarta ta gaji har ba ta iya ɗaga hannu. Ba ta barci sai a kafaɗata. Ba ta son takunkumin fuskata, da na ɗauke ta sai ta fizge shi ta manna kumatunta a nawa. Na gaji da mayarwa na bar ta, tunda ba abin da zan ji wa tsoro.

To kin san abin mamaki? Ina kai kawo da ita tsakanin gado da ƙofa sai komai ya dawo mini. Na tuna, Yaya. Na tuna koren hasken nan. Na tuna sanyin auduga a bayana, da zoben Inna yana taɓa fatata. Na tuna warin safar Baba, da gashin ƙeyarki yana shigar mini hanci. Da ba ni da komai na wannan lokacin, yanzu ga shi kin ba ni ɗaki guda da kayansa. Wani lokaci ina tsaye sai in rasa ko ni ce mai goyon, ko ni aka goya, ko kuwa wanda ke cikina ne yake mafarkinmu duka.

Mutanen sashenmu sun zama wasu iri kwanan nan. In za a ɗaga babban yaro sai in ga wata ta riga ni. Mai shara ta ajiye mini kujera a bakin taga ba ta ce komai ba. Ina jin ganin ɗakin ƙarshe nake yi ne suke tausaya mini.

Saura kaɗan a sa hannu a takardu. Raina a kwance yake, rabon da in ji haka har na manta.

A gaida Inna da yara. Na gode, Yayata.

Auta

*

Auta,

Sallama. Ki karanta wannan a tsaye, ki bar duk abin da kike yi. Na sa maƙwabciyata ta kira wayarki har ta gaji, a kashe take, na san kina cikin ɗakin nan. Na bi direban har gida na roƙe shi ya kawo miki ita hannu da hannu.

Ki fita daga ɗakin nan. Ba ki yi ƙarambau ba.

Da na karanta takardarki daɗi ya kama ni, na ce bari in je in ba Inna labarin koren labule ko za ta yi dariya. Kin san ta, ba ta san abin da ta ci da safe ba, amma in aka taɓo na da sai ta miƙe zaune kamar an kunna fitila. Na ce, "Inna, kin tuna shekarar ƙarambau, da Auta ta cire safa da haƙori?" Ta kalle ni ta ce, "Wace Auta? Auta ai ba ta gidan. Ranar da ƙurji ya fito miki babanku ya ɗauke ta ya kai wa gwaggonku, don ko tafiya ba ta fara ba. Sai da kuka warke tas, na wanke ɗakin, aka dawo da ita." Na ce to wa na goya? Ta ce, "'Yar Baba mana."

'Yar Baba, wadda kike bi. Ba ki san ta ba, kin dai san an yi ta. Ta warke daga ƙarambau lafiya, shekarar da ta biyo baya wani zazzaɓi ya ɗauke ta. Daga nan ba a ƙara ambatonta a gidan ba, don Baba ba ya iya ji. Kayanta kika gada, wurin kwananta kika gada, bayana ma kika gada. Ban san ranar da fuskarta ta koma taki a cikin kaina ba. Wallahi da na rubuto miki, ke nake gani da safar nan a hannu, ko yanzu in na rufe ido ke ce.

Ban yarda da Inna kaɗai ba. Na wuce wurin babban yayanki a shagonsa, ban gaya masa dalili ba, na ce wa ke cire safa da haƙori? Ya ce, "'Yar Baba, Allah ya ji ƙanta." Na ce tabon girar Auta fa? Ya ce ai a gabansa kika faɗi kan bakin bokitin ƙarfe kina koyon tafiya.

Ina ta tuna abin da kika ce, yarinyar nan tana fizge miki takunkumi tana manna kumatunta a naki. Ni na sa ki. Da bakina na ce ki ɗaga hannu.

Ku ne masana magani, ni tela ce. In akwai abin da ake yi, ki yi shi yau. In sai kin faɗa musu ne, ki faɗa. Aiki ya tafi in zai tafi, keken nan zai ciyar da mu duka. Na ce ki rufe baki, yanzu ina roƙon ki ki buɗe.

Allah ya tsare ki da abin da ke cikinki.

Yaya

*

Yayata,

Amin wa alaikumus salam. Ina lafiya zuwa yanzu, ki fara riƙe wannan.

Mai gadi ne ya miƙo mini takardarki a bakin baranda lokacin hutun rana. Na karanta, na ninke, na tsaya. Abin da ya fara zuwa mini ba tsoro ba ne. Koren ɗakin nan na shiga nema a kaina, sai na same shi yana nan daram, da zoben Inna da komai. Ashe ɗakin da ban taɓa shiga ba nake ta tunawa. Sai daga baya tsoron ya zo, ya fara daga tafin ƙafa.

Akwai abin da ake yi. Ana ɗibar jini a duba ko jikin mutum ya san ciwon. In bai sani ba akwai allurar kariya, ba irin ta rigakafin ba, wadda ake yi wa masu ciki da masu rauni, kuma ba ta da amfani sai an yi ta da wuri. Amma ɗakin gwajin namu ne, ma'ajiyar maganin tamu ce, kuma ba a fitar da allurar sai an rubuta wa za a yi wa da dalili. Ba zan ɓoye miki ba, na tsaya ina lissafin ko in yi shiru in gani, wataƙila ban kamu ba. Na kai hannu na murɗa ƙofar ɗakin ƙarshe ma. Mai Tambaya ta hango ni ta ce, "Anti, yau kifin ya fito?" Sai na ja ƙofar na rufe, na juya.

Babbar Sista tana ofishinta tana cin abinci. Na ce, "Sista, ina da ciki, kuma ban taɓa yin ƙarambau ba. Kuskure aka yi a gida." Ta ajiye cokali. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta, ta mayar.

Ta ce, "Na farkon na sani."

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "'Yar nan, kafin a haife ki nake ganin mata masu ciki. Ni na sani, Doguwa ta sani, mai shara ta sani. Duk sashen nan an sani. In ba ki faɗa ba, ban ji ba. In ban ji ba, ba abin da zan rubuta wa ofis. Shirun nan kaɗai muke da shi da za mu rufa wa juna asiri." Sai muryarta ta tashi. "Amma na tambaye ki kin tabbata! Na kalli tsabar idonki na tambaye ki! Kika nuna mini tabo, ni kuma da tsufana na karɓi tabo a matsayin shaida."

Ta tashi ta bar abincin a buɗe, ta kama hannuna kamar 'yar makaranta, ta ja ni har ɗakin gwaji. Ta tsaya a kansu sai da aka ɗebi jinin. Sakamako ya fito ya ce jikina bai san ciwon ba. Da hannunta ta yi mini allurar. Tana dannawa tana cewa, "Yanzu kam na ji, dole in rubuta. Ki yafe ni." Na ce ba komai. Ƙarya na yi, da komai, amma ba ita ce mai laifin ba.

An ce in zauna a gida wasu makonni, kada in kusanci marasa lafiya, mu ga ko zai fito. Allurar tana ragewa ne, ba ta yin alkawari. Kowace safiya ina tsayawa a gaban madubi, maigidan ya duba mini bayana da fitilar waya ko da rana ta fito. Jiya sauro ya cije ni a kafaɗa, saura kaɗan mutumin nan ya suma. Sauran wunin ina kwance a falo ina bin hasken taga yana tafiya a bango, in yi barci in farka ban san wace rana ba ce. Ina yi wa wanda ke ciki magana, ina ce masa ya yi haƙuri, ya lafe, kada ya buɗe wa kowa ƙofa.

Yaya, ban riƙe ki da komai ba. Mu huɗu muka kalli tabon nan, uku daga ciki da takardar makarantar jinya. Ki rubuto mini, ina jin tsoro, kuma faɗanki nake so.

A gaida Inna. Ki ce mata na gode.

Auta

*

Zuwa ga ma'aikaciyar jinyarmu ta sashen yara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, kuma kina bin ƙa'idojin da likita ya gindaya miki.

Na ga ya dace ki ji wannan daga wurina kafin sanarwar ofis ta iso miki. An zauna a kan sabunta aikin ma'aikatan wucin gadi, kuma ba a sabunta naki ba. Dalilin da aka bayar shi ne rage ma'aikata. Na shaida musu cewa ke kika riƙe ɗakin ƙarshe lokacin da muka rasa masu shiga, kuma a bakin aikinsu kika gamu da wannan haɗari. An saurare ni, an gode mini, ba a canza komai ba. Na rubuta ƙorafi zuwa sama. Ba zan yaudare ki in ce ina sa ran amsa da wuri ba.

Ina kuma sanar da ke cewa na soke ɗaga hannu a sashena. Daga yanzu ba wadda za ta shiga ɗakin masu ciwo mai yaɗuwa sai an gwada jininta, da aure ko ba aure, kuma ba za a tambaye ta dalili ba. Da tun farko haka muke yi, da ba ki zo ofishina ba.

Yaran ɗakin ƙarshe duk an sallame su. Takardar shaidar aikinki tana wurina, na rubuta ta yadda ta dace da ke, duk inda za ki nema in kin sauka lafiya.

'Yata, in kin ga ko ƙurji ɗaya, ko kin ji tari, kada ki bi layi, ki kira ni kai tsaye.

Allah ya ba da lafiya, ya sauke ki lafiya.

Babbar Sista

*

Yaya,

Sallama. Direba ya sake zuwa da ƙunshi ba takarda. Rigunan jarirai sun cika mini durowa, da huluna, da wani abu mai aljihu da ban san me jariri zai ajiye a ciki ba. Na gane kina ɗinki ne don kada ki yi magana. Ya isa haka.

Lokacin jira ya wuce. Ko ƙurji ɗaya bai fito ba. Jiya aka yi hoton ciki, likita ya daɗe yana dubawa, ya auna kai, ya bi ƙashin baya, ya ƙirga yatsu, ya ce bai ga abin damuwa ba, za a sake dubawa nan gaba. Na gan shi, Yaya. Yana kwance ya ɗora hannu a goshi, duk abin nan da muka sha shi barcinsa yake yi.

Aikin ya tafi. Na yi kuka a kansa, ina sonsa, kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Ban san yadda za mu yi ba tukuna. Amma da za a mai da ni bakin ofishin nan, shiga zan sake yi.

Ƙafafuna sun fara kumbura, maigidan kuma komai na ce sai ya ce to. Ba ni da mai yi mini faɗa. Ki rufe keken nan ki zo.

Ƙanwarki,
Auta